Yaushe Kannywood Za Ta Nuna Mana Ƙuruciyar Abubakar Imam?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ɗan tsagaita da latsa wayar nan, ina da tambaya. Mutumin da ya rubuta Ruwan Bagaja, shekararsa nawa lokacin da ya rubuta shi?

Na yi wannan tambayar a majalisarmu a Kankia bayan isha'i. Wani ya ce hamsin, wani ya ce ai dattijo ne mai furfura. Wani abokinmu ɗan Kusada ma cewa ya yi shi bai taɓa kawowa a ransa cewa marubucin ya taɓa zama yaro ba. To amsar ita ce 22. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya shiga gasar rubutun 1933 yana matashin malamin makarantar Midil ta Katsina. Wato sa'anka ne, ko ma ƙaninka.

Abin da ya jawo hirar shi ne wani fim da ɗan Kusadan nan ya turo mana, mai suna Tolkien, wanda ya fito a 2019. Labarin ƙuruciyar marubucin Ingila ne, J.R.R. Tolkien, mai The Lord of the Rings. An nuno shi maraya a birnin Birmingham, da abokansa na makaranta, da yarinyar da yake so, da yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci biyu daga cikin aminansa. Fim ɗin ya ƙare daidai inda ya fara rubuta The Hobbit, littafin da ya fito a 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fara fitowa a Zariya. Su sun mayar da ƙuruciyar nasu fim, mu namu ko hotonsa yawancinmu ba mu sani ba.

Kada wani ya ce maka babu labari a rayuwar Imam. Yaro ne ɗan gidan malamai da ya baro Kagara zuwa Katsina neman boko a lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su. Ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ya fito a 1932. A gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya, shi da yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, duk sun shiga sahun waɗanda aka buga wa littafi. Wa da ƙane a gasa ɗaya! Sauran su ne Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, bai cika shekara 30 ba. Don Allah, wane shiri mai dogon zango ne a YouTube ya fi wannan abin kallo?

Batun "ba za mu iya ba" ma ya wuce. Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. A 2024 Mai Martaba, fim ɗin Hausa, shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar. A shekarar ne 'yan kudu suka cika silima don kallon tarihin Funmilayo Ransome-Kuti, kuma a shekarar ce aka ba Ali Nuhu shugabancin Hukumar Fina-finai ta Ƙasa. Wurin ɗauka ma yana nan. Tsohon ginin Kwalejin Katsina yana tsaye, gidan tarihi ne yanzu, tafiyar kusan awa guda daga nan. Ƙauyukan da ke tsakanin Kankia da Kusada kuwa ba su rasa soraye da rumbuna da za su ba ka kamannin wancan zamanin ba.

Amma tsorona ba rashin yin fim ɗin ba ne kawai, har da yadda za a yi shi. Fim ɗin Tolkien darasi ne. Tun kafin ya fito iyalansa suka fitar da sanarwa cewa babu hannunsu kuma ba su amince da shi ba. Masu sharhi sun yi ƙorafin an rage ƙarfin addininsa, wanda shi ne jigon rayuwarsa. Kuɗin da aka kashe ma bai dawo ba. Ka ga an yi ba wan ba ƙanen.

Mu a nan ramuka biyu ke jiranmu. Na farko ka san shi: a ƙirƙiro wa malam budurwa, a sa shi rawa a cikin lambu, don a samu guntun da zai yi tashe a TikTok. Na biyu shi ne a mayar da shi waliyyi wanda bai taɓa kuskure ba, bai taɓa yage takarda don haushi ba, kamar littafin daga sama ya faɗo masa.

Gaskiyar ta fi duka biyun daɗi. Manazarta sun daɗe da nuna cewa da yawa daga labaran Magana Jari Ce sun samo tushe ne daga littattafan Larabawa irin su Alfu Laila, da na Indiya, da tatsuniyoyin Turai, waɗanda Imam ya karanta ya sa musu riga da hula har ka rantse a ƙofar gidanku aka yi. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, nan gwanintar take. Mu da muka tashi da Indiya-Hausa, muke gardama kullum a kan wane darakta ya "saci" labari, mu ya fi kamata mu ga bambancin kwafa da sarrafawa. Sannan ga alaƙarsa da East: Bature ma'aikacin mulkin mallaka yana gyara wa Bahaushe rubutun Hausa. Ina aka jitu, ina aka ja daga? Fim ɗin da ya kauce wa wannan ya bar nama ya kama ƙashi.

Lokaci kuma ba ya jira. Imam ya rasu a 1981. Waɗanda suka zauna da shi kullum raguwa suke, kuma duk wanda ya tafi da nasa labarin yake tafiya. An yi sa'a akwai littafin tarihinsa da Abdurrahman Mora ya tace, aka buga a 1989. Duk mai son rubuta wannan fim, daga nan zai fara, sai ya je ya yi sallama da iyalansa, kafin ya nemi jarumi.

Kai kuma fa, da ba ka da kyamara? Masu shirya fim abin da muke kallo suke bi. Idan datarka kullum a kan rikicin 'yan TikTok take ƙarewa, shi za a ci gaba da dafa maka. Nemi Ruwan Bagaja ka karanta, ba shi da tsawo, dare biyu ya ishe ka. Ki tura wa daraktan da kike bi a Instagram tambayar da ke saman shafin nan. In kuma akwai kaka ko tsohon malami a gidanku da aka koyar da Magana Jari Ce a aji, kunna rikoda ka zauna kusa da shi yau. Watakila wannan muryar ce wani zai buɗe fim ɗin da ita.