Gani Ya Kori Ji

Babu yaron da bai san kura a tatsuniya ba. Kullum ita ce wawuya, ga kwaɗayi, ga tsoro, Gizo yana ta yi mata wayo. Mutane kuma sukan ce ba ta da abinci sai mushe da ragowar zaki. Tatsuniya tana da daɗi, tana kuma koya hankali, amma ba a daji aka samo ta ba. Saboda haka duk wanda zai rubuta labarin naman daji, wajibi ne ya dubi dabbar da idonsa kafin ya ɗauki alƙalami.

Akwai wani masanin dabbobi, mutumin ƙasar Holan, sunansa Hans Kruuk. A shekarar 1964 ya tafi ƙasar Tanzaniya don ya san halin kuraye. Ya zauna a dajin Serengeti da kwarin Ngorongoro fiye da shekara uku. Da yake kura da dare take yawo, sai ya mai da dare rana. Yakan bi su da mota cikin farin wata, yana rubuta abin da ya gani.

Abin da ya gani kuwa ya ba mutane mamaki. Ashe kuraye mafarauta ne na gaske. Sukan haɗu su kori jakin dawa har ya gaji, su kayar da shi. A Ngorongoro yawancin naman da suke ci su suka kashe da kansu. Sau da yawa ma zaki ne yake zuwa ya ƙwace musu. Idan gari ya waye, mai wucewa ya ga zaki bisa nama, kuraye suna gefe suna jira, sai ya ɗauka su ne 'yan roƙo. Ya kuma lura cewa mace ta fi namiji iko, mata ne shugabannin garke. A shekarar 1972 ya fitar da littafi a kan wannan aiki.

Da Kruuk ya tsaya ga ji-ta-ji-ta, da ya maimaita tsohon kuskure. Haƙuri da gaskiya su suka fisshe shi.

Wani yaro zai ce shi ba shi da mota, kuma babu zaki a garinsu. Wannan ba hujja ba ce. Ga kurege a gona, ga zomo a saura, ga bushiya a gindin shinge, ga jemagu a kan itatuwa. Dukansu naman daji ne masu shayar da 'ya'yansu nono.

Mai kallo ya fita da sassafe ko da yamma liƙis. Ya zauna shiru daga nesa, inda iska ba za ta kai warinsa wurin dabbar ba. Kada ya jefe ta, kada ya taɓa ta, don tana iya cizo ko ta ba shi cuta. Ya rubuta rana da lokaci da wuri, da yawan dabbobin, da abin da suka ci. Idan ba su fito ba, ya duba sawunsu da kashinsu, gobe ya komo. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Babban abu shi ne ya raba "na gani" da "an ce". Idan zomo ɗaya ya gani, kada ya rubuta goma don labari ya yi daɗi.

Wannan ba wasa ba ne. Tsofaffi suna tuna lokacin da ake jin kukan kura a bayan gari, yau kuwa a wurare da yawa an daina jin sa. Dabbar da ba a san halinta ba, a banza ake kashe ta. Yaron da ya ga bushiya tana cinye ƙwarin gona ba zai ɗaga mata sanda ba. Idan kuma ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, waɗanda suka karanta su ma za su ƙyale ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutane suka ɗauka kura ragowar zaki take ci?
2. Waɗanne abubuwa ne mai kallon dabba zai rubuta?
3. Mene ne bambancin "na gani" da "an ce"?