Kafin a Dangwala Yatsa: Lissafin Shiga Gwajin Magani Daga Zamfara

Duk gidan da ke da majinyacin da ciwonsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ba ya rasa masu ba da shawara. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wata: a nemi inda ake gwajin sabon magani a kai shi, tunda an ce can likitoci ƙwararru ne, awo kyauta, magani kyauta, har kuɗin mota ake bayarwa. A Amurka ko Ingila shawarar tana da ma'ana. Mutum zai shiga rumbun ClinicalTrials.gov, mai ɗauke da bincike sama da 500,000, ya rubuta sunan ciwonsa da na garinsu, ya ga asibitocin da ke ɗibar mutane, ya je ya dawo kafin azahar. Afirka ma tana da nata rumbun, PACTR, da ake kula da shi daga Afirka ta Kudu. Amma mutumin Gusau ko Tsafe ko Bungudu da ya duba zai tarar yawancin gwaje-gwajen Najeriya suna manyan asibitocin koyarwa ne: Legas, Ibadan, Abuja, Enugu, Jos, Kano. Na kusa da mu su ne na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Ahmadu Bello a Shika, sai na Aminu Kano. Daga nan lissafi yake farawa, kuma ba na jin masu ba da shawarar suna yin sa.

Gwaji ba zuwa ɗaya ba ne. Ana tantance mutum, a ɗebi jini, a ce ya dawo. In an ɗauke shi a ba shi ranakun da ba a ɗagawa, wata bayan wata, wani lokaci har shekara biyu ko uku. Kowace rana daga cikinsu tafiya ce a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta ratsa Tsafe, ko hanyar Sakkwato da ta bi ta Bungudu da Maru da Talata Mafara. Ba sai an gaya wa ɗan Zamfara abin da ke faruwa a waɗannan hanyoyi ba. Direba a tasha ba ya tayar da mota sai rana ta ɗaga kuma ya ji labari daga wanda ya iso, fasinja kuwa yana kallon bakin daji yana ta salati har a wuce wuraren da aka sani. Wanda aka ce ya zo asibitin Kano da ƙarfe takwas na safe dole ya kwana can, bayan an gama ma sau da yawa ya sake kwana, don babu mai hankalin da zai shigo Tsafe da duhu. Kwana biyu ke nan, da ci da sha na mutum biyu, domin majinyaci ba ya tafiya sai da mai jinya. In mace ce, sai da yardar maigida da ɗan rakiya. In damina ce, an bar gona a lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Kuɗin motar da masu bincike ke mayarwa galibi an ƙiyasta shi ne a kan wanda ke zaune a garin da asibitin yake, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai sake zama wuri ɗaya ba. Kuɗin fansa kuwa, in ƙaddara ta faɗa a hanya, ba na kowa ba ne sai na dangi.

Ko wayar da za a kira likita in magani ya juya da dare ba abin dogaro ba ce a nan. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar makonni da dama. Wanda ke shan ƙwayar da ba a gama sanin halinta ba a irin wannan lokaci, wa zai kira?

Sai abin da mutane da yawa ba su fahimta ba, wanda kuma shi ne zuciyar al'amarin. Gwaji ba jinya ba ne. An shirya shi ne don amsa tambayar da likitan kansa bai san amsarta ba. Ana raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a da kwamfuta ke yi: wasu su sami sabon magani, wasu su sami tsohon da aka saba, ko ƙwayar da ba ta da sinadarin komai in ciwon bai da maganin da aka tabbatar. Sau da yawa daga majinyaci har likita babu wanda ya san kashin da aka faɗa. Wannan ba ha'inci ba ne, haka ake gano gaskiya. Amma ma'anarsa ita ce mutum na iya cin duk wahalar hanyar nan bai taɓa haɗiyar maganin da ya zo dominsa ba, ko ya haɗiye shi ya zama bai fi tsohon ba, ko ma ya fi shi illa.

Mun san yadda wannan yake ƙarewa idan babu mai tsaya wa talaka, domin a Kano aka yi. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada maganinsa Trovan a kan yara kusan 200: rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya jawo hakan, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ne kamar wanda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke bayarwa a harabar asibitin. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna an mayar da kwanan watanta baya ne. A 1999 Turai ta dakatar da Trovan, Amurka kuma ta taƙaita amfani da shi, saboda illar da yake yi wa hanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsawon jiran. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a ƙarshen 2000. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007. Aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma miliyan 35 ne daga ciki aka ware wa iyalan yaran. Aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da masu haƙƙi. Sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 ke nan, a birnin da ke da lauyoyi da 'yan jarida da gwamnatin da ta ɗauki maganar. Uban da ke ƙauyen Bungudu ya auna wannan da kansa. Hasarar ma ba ta tsaya kan waɗancan gidaje ba. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 a Kano da Zamfara da Kaduna, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kawowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Yaran da suka gurgunce a shekarun da suka biyo baya su suka biya wannan ɓangaren.

Yanzu akwai dokoki. Akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Kuma ba a gwada magani sai da izinin NAFDAC. A takarda komai ya yi kyau. A ɗakin asibiti kuwa abin da ake gani shi ne shafuka masu yawa, ma'aikaciyar jinya tana karantawa da sauri don layi ya yi tsawo, uwa da yaro mai zazzaɓi a cinya tana gyaɗa kai, ga kwalin tawada a buɗe a kan tebur. An gaya mata tana iya ƙi, kuma ƙin ba zai hana a duba ɗanta ba. Amma wadda ba ta da kuɗin awo, aka ce ga na kyauta, da wuya bakinta ya iya furta a'a.

Da zan tsaya nan da na yi rabin lissafi, domin rashin gwajin ma yana da tsada, kuma Zamfara ta biya. Sanƙarau nau'in C da ya ɓarke a ƙarshen 2016 daga jihar nan ya faro, nan kuma ya fi yin ɓarna a 2017. Rigakafin da ke kare nau'i biyar na cutar, wanda Najeriya ta zama ƙasar farko da ta soma amfani da shi a 2024, mutum 1,800 ne a Mali da Gambiya suka miƙa damtsensu aka gwada shi. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, Hausawa 'yan'uwanmu suka ba da jarirai sama da 3,500 aka gwada rigakafin gudawa mai jure zafi, aka fitar da sakamako a 2017 cewa yana rage gudawa mai tsanani da ƙwayar rotavirus ke kawowa da kusan kashi biyu cikin uku. A Kano da Kaduna an bi yara 220 masu sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'urar da ake ɗorawa a gefen goshi ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Aka gano cewa ɗan ƙaramin awo na hydroxyurea yana ba da kariya kamar wanda ya ninka shi. Ga kuma binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya: asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, mata sama da 210,000. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jini yana taruwa a aljihunta ungozoma tana ganin adadinsa, da ya kai layi a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba a jira ɗaya ya gaza ba. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100.

A duba waɗannan da kyau. Babu ɗaya da aka ce wa talaka ya nemo shi a waya ya hau mota ya je. Masu binciken ne suka je inda mutanen suke: ɗakin shan maganin yankinsu, asibitin da suka saba kai yaransu, ɗakin haihuwar da dama can za su haihu. Su suka ɗauki nauyin nisan. Shi ya sa nake ganin gwajin da zai amfani mutanen Gusau shi ne wanda zai zauna a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura, ya miƙa hannu zuwa manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, wannan kuma aikin Ma'aikatar Lafiya ta jiha ne da likitocinmu su nema. Shi ya sa kuma saƙon da ke yawo a WhatsApp, mai cewa a tura kuɗin fom don shiga gwajin maganin suga ko na ƙoda, ya kamata a goge shi nan take. Gwajin gaske ba ya karɓar ko sisi daga hannun wanda ake gwaji a kansa.

Wanda duk da haka likitansa ya ga akwai gwajin da ya dace da shi a Sakkwato ko Zariya ko Kano, ciwon kuma ya kai a yi tafiyar, ba zan ce kada ya je ba. Ya je da wani nasa mai karatu, ba wanda asibitin ya ba shi ba. Ya nemi lambar rajistar gwajin da sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince, ɗan'uwan ya duba a rumbu. Ya karɓi takardar amincewa da Hausa ya tafi da ita gida ya kwana a kanta. Ya tambayi sau nawa zai zo, ko za a iya ɗibar jinin a Gusau a aika, ko kuɗin hanya ya haɗa da na kwana da na mai jinya, ina ake kai jininsa kuma har yaushe za a ajiye shi. Ya tambayi wa zai biya jinya in maganin ya cutar da shi, wane kamfanin inshora ne, a nuna masa a rubuce. Sannan ya tambayi ranar da gwaji ya ƙare, in maganin ya karɓe shi, wa zai ci gaba da saya masa, domin hydroxyurea da makamantansa ba a daina shan su don masu bincike sun rufe littafinsu.