Mai Gida Ya Kai Uwargida Ganin Abuja: Almubazzaranci Ne Ko Kyautatawa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Kwanan baya wani bawan Allah daga cikin masu salla a masallacinmu, tela ne mai rufin asiri, ya tara 'yan kuɗinsa ya ɗauki matarsa suka tafi Abuja na kwana uku. Ba jinya ta kai su ba, ba biki ba. Ganin gari kawai suka je. Shekara goma sha shida suna tare, ba ta taɓa wuce garin iyayenta da garin aurenta ba. Kafin su dawo magana ta cika majalisa. Wasu suka ce ya zama mijin-ta-ce, wasu suka ce kwaikwayon Turawa ne, wasu kuma suka ce ya yi almubazzaranci a lokacin da hatsi ke tsada. Da aka kawo mana maganar muka ce mutumin nan bai yi laifi ba, kuma muna ganin ya yi abin da da yawa daga cikinmu muka gaza yi.

Mu fara da masu cewa al'adar baƙi ce. Wanda ya karanta tarihin Manzon Allah (SAW) ya san cewa idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. A cikin tafiya ne ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Tafiya da iyali tana da asali a gidanmu, mu ne muka sake ta. Mai gida ya zagaya Legas da Kwatano da Dubai don kasuwanci, ya dawo yana ba abokansa labari, ita kuwa wadda ke dafa masa abinci ba ta san ko tashar jirgin ƙasa ba. Sau da yawa ma'auratan da ke zuwa gabanmu neman sulhu ba yunwa ce ta kawo su ba. Matar kan ce, "Malam, ni fa ba ya hira da ni." Kwana uku na tafiya, babu yara, babu abokan majalisa, suna iya buɗe bakin da ya yi shekaru a rufe.

Sannan tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Abuja makaranta ce ga mai lura. Ma'auratan nan sun hau jirgin ƙasa a Rigasa suka sauka a Idu, layin da aka buɗe a 2016. Sun yi Juma'a a Masallacin Ƙasa mai ƙubbar zinariya da hasumiya huɗu, inda matar ta tsaya sahu ɗaya da Bayarabiya da Banufiya da Babarbariya. Ta daɗe tana jin cewa Musulmi al'umma ɗaya ce. A ranar gani ya kori ji. Sun hango ginin Majalisar Dokoki da Kotun Ƙoli a gindin Dutsen Aso, inda ake yanke hukuncin da ke taɓa tukunyarta a gida. Sun fita wajen Suleja suka tsaya gaban Dutsen Zuma, wanda ba ta san shi ba sai a jikin takardar naira ɗari.

Birnin kansa yana da wa'azi. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar mayar da babban birni daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Kwana goma bayan haka aka kashe shi; bai ga ko tubali ɗaya ba. Sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare. Sunan ma aro ne daga tsohon garin Abuja, wanda ya koma Suleja, ƙasar kuwa akasari ta Gwarawa ce, waɗanda aka tashi da yawansu daga gonakin kakanninsu. Wanda ya ga gidajen Maitama da safe, ya ga cunkoson ma'aikata a hanyar Nyanya da yamma, zai koma gida da fahimtar mulki da dukiya da ba zai samu a rediyo ba. Uwa kuwa ita ce malamar farko. Abin da ta gani da idonta shi za ta zuba wa 'ya'yanta.

Amma masu kukan tsadar rayuwa suna da gaskiyarsu, kuma ba za mu tauye ta ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda bai biya kuɗin makarantar yara ba, ko ake bin sa bashin mai shago, ko mahaifiyarsa ke kwance babu magani, ba shi da hurumin yawon buɗe ido; wajibi yana gaba da mustahabbi. Wanda zai ci bashi don a ɗauke su hoto a bakin tafkin Jabi a watsa a Facebook, ya sani ba matarsa ya kai ba, idon mutane ya kai. Mai mata fiye da ɗaya ya yi adalci: ko ƙuri'a, ko a bi layi, kada amarya ta ga Abuja uwargida ta ga hotuna. Batun tsaro ma ba abin wasa ba ne, domin ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin nan a watan Maris 2022 ba. A yi tambaya, a yi tafiyar rana, a yi addu'a.

Kada kuma salla ta zama abin da aka bari a gida. Tsakanin Kaduna da Abuja ya haura kilomita 180, ya ninka tazarar ƙasaru, wadda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba zai mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Telan nan ya gaya mana cewa a wannan tafiya matarsa ta fara yin ƙasaru a rayuwarta, hukuncin da ta haddace tun tana Islamiyya.

Ba mu ce dole sai Abuja ba. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya kai iyalinsa Dutsen Dala ko Hubbaren Shehu ko Gobarau, ya saya mata tsire a hanya, su dawo kafin magariba. Abin nema shi ne ta san cewa mijinta ya ware lokaci da dukiya dominta ita kaɗai. Masu majalisa kuwa, kafin su ƙara yi wa telan nan dariya, kowa ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna da matarsa awa guda ba tare da maganar cefane ba.

Allah Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.