Ra'ayinmu: A Auna Idon Yaro Kafin a Yanke Masa Hukunci

A ƙasarmu, idan ana batun ido, mun saba raba 'yan makaranta gida biyu rak: ga mai gani, ga makaho. Mai gani a ba shi benci da littafi. Makaho kuwa, in ya yi sa'a, a nema masa gurbi a makarantar makafi, in bai yi ba a haɗa shi da sanda da ɗan jagora. Amma tsakanin gidajen nan biyu akwai jama'a mai yawa da ba a yi wa ɗaki ba, watau yaran da suke gani amma ganin nasu mai rauni ne. Saboda su, da kuma makafin kansu, muke ganin lokaci ya yi da za a tsara yadda ake auna yaro kafin a ce ya cancanci ilmi na musamman ko bai cancanta ba.

Ba yau aka fara koyar da makafi a Nijeriya ba. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, ta Pacelli a Ikko ta biyo baya a 1962. A 1977 Tsarin Ilmi na Ƙasa ya keɓe babi guda domin ilmi na musamman, a shekarar ce kuma aka kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo. Sa'an nan a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare. Madalla da wannan. Sai dai doka ba ta san yaro da sunansa ba. Tilas wani ya tashi ya nemo shi, ya duba shi, ya rubuta abin da yake bukata, in ba haka ba hakkin ya tsaya a takarda.

Rashin awo yana haifar da ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce ta yaron da ke zaune a bayan aji ba ya hangen allo, yana kwafar kuskure, malam yana kiransa daƙiƙi, har ya gaji da bulala ya bar makaranta, alhali kuwa tabarau kaɗai yake bukata. Ta biyu ita ce ta yaron da aka kai makarantar makafi ana koya masa karatu da yatsa, alhali da an yi masa aikin yanar ido, ko an ba shi madubin ƙara girman rubutu, da ya karanta littafi kamar kowa. Likitocin ido da suka duba makarantun makafi a ƙasashen Afirka sun sha tarar da irin waɗannan yara. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

To, yaya awon kirki yake? Matakin farko na asibiti ne. A tsayar da yaro mita 6 daga allon gwaji, a rufe ido ɗaya, a duba ɗayan. Wanda bai iya karatu ba tukuna akwai allo mai harafin E, da hannu kawai zai nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Idan aka ce ganin yaro 6/18 ne, ana nufin abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 18, shi sai ya matso mita 6. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda idonsa mai dama-dama ya kasa 6/18 yana da raunin gani matsakaici, wanda ya kasa 6/60 nasa ya tsananta, wanda ya kasa 3/60 kuwa shi ake lissafawa makaho. Aikin likita ne kuma ya faɗi sanadi: hakiya ce da ƙyanda ta bari, ko yana, ko hawan jinin ido, da kuma ko ciwon zai warke, ko zai tsaya, ko zai ci gaba.

Mataki na biyu na cikin aji ne, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Yara biyu na iya fitowa daga asibiti da lamba ɗaya, amma bukatunsu su sha bamban. Zabiya haske ke damunsa, saboda haka kusa da taga azaba ce a gare shi. Mai dundumi yana karatu lafiya da rana, da zarar magariba ta yi ya koma lalube. Wani yana karanta ƙananan haruffa, amma ganinsa ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu, har yakan yi karo da ƙofa. Malamin da ya sami horo ne zai zauna da yaro kwana da kwanaki, ya ga nisan da yake riƙe littafi, da saurin karatunsa, da lokacin da idonsa ke gajiya, sa'an nan ya yanke ko manyan haruffa za a ba shi, ko rubutun Braille, ko duka biyu, tare da na'urar da ke karanta rubutu da murya.

A nan muke jan kunnen masu shirya gwajin basira. Wanda ya miƙa wa yaro mai raunin gani takarda cike da zane-zane da ƙananan haruffa, ya kuma ƙayyade masa mintoci daidai da na sauran yara, idonsa ya gwada, bai taɓa ƙwaƙwalwarsa ba. Har ila yau, a saurari iyaye, domin su suka san yadda yaron yake yi a gida, a kuma maimaita awon lokaci-lokaci, tun da ido yakan canza.

Mun san za a ce likitocin ido sun yi kaɗan, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne sun yi kaɗan. Amma allon gwaji takarda ce, kuma malamin firamare zai iya koyon amfani da shi cikin yini guda, ya tace yaran da suke bukatar ganin likita. Wuraren da za a tura su ma akwai: ga Asibitin Ido na ECWA a Kano tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma sassan ilmi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna yaye malamai. Hukumar JAMB ma, tun 2017, ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Amma waɗanda suka kai ga wannan ƙofa su ne 'yan ƙalilan da aka gano da wuri. Sauran fa?

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilmi na jihohi su sa gwajin ido ya zama wajibi ga kowane yaro a shekarar da ya shiga firamare, kuma kada a kai yaro makarantar makafi sai da rahoton likita da na malami a haɗe. 'Yan'uwanmu ɗaliban likitanci da na ilmi, ku tafi da allon gwaji duk makarantar da aka tura ku koyon aiki. Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu shiga ofis, gobe fayil ɗin wani yaro zai iso teburinku. Kafin ku sa hannu, ku tambaya: wa ya auna shi, yaushe, da me? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarar karatu kuwa in ta wuce yaro ba ta dawowa.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.