Sanarwar Bayan Taron Manoma da Makiyaya na Yankin Tsarnawa Kan Kare Ƙasa, Itatuwa da Ruwa

Wakilan manoma, makiyaya da ƙungiyoyin mata daga gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela sun yi zama a Tsarnawa tare da masu garuruwa, ardo-ardo da sarakunan noma, domin duba matsayin mutanen karkara a shawarwarin da suka shafi gonaki, makiyaya da ruwa.

Taron ya lura da cewa:

1. Manoma ne suka raya fako a Illela da Badagishiri. A 1989 wasu daga cikinsu suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso da tallafin asusun FIDA, suka dawo suka gyara tassa, wato ramukan shuka: suka ƙara wa ramukan faɗi da zurfi, suna zuba taki a ciki don su riƙe ruwa. Maƙwabci ya ga gero ya yi, shi ma ya ɗauki fartanya, har fakon da aka yasar ya koma abin saye.

2. Tun kaka da kakanni manomi ya san gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da rani.

3. Yashin da koramu ke kwasowa daga tudu yana cike madatsun Mozage da Zango, waɗanda noman rani na Ƙonni ya dogara da su.

4. Sau da yawa sai an gama tsara aiki sannan a kira mutanen gari a sanar da su.

Don haka taron ya yanke:

1. A nemi shawarar dattawa, mata da makiyaya kafin a zaɓi wurin shuka itace ko gyaran kori.

2. Kwamitocin filaye na ƙauyuka, waɗanda suka samo tushe daga dokar karkara ta 1993, su riƙa zama da wakilan kowane ɓangare, kuma a shata burtali a gaban kowa.

3. A tsayar da ranar sakin gonaki bayan an ji ta bakin manomi da makiyayi.

4. Ma'aikatan gandun daji su tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Taron yana kira ga magadan gari da mahukuntan jihar Tawa da su sanya waɗannan shawarwari cikin tsare-tsarensu kafin faɗuwar damina.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro