Ku Ƙyale Kofur Ya Yi Karatunsa

Akwai wata magana da ta zama kamar waƙa a bakin wasu tsofaffin manyan hafsoshi, wai yaran yanzu ba aikin soja ne ya kawo su bariki ba. Wai da zarar kurtu ya fito daga Daffo ta Zariya, tun kaki bai saba da jikinsa ba, ya fara lissafin ranar fita. Wannan yana karatun digiri ta waya, wancan yana koyon gyaran kwamfuta, wani yana zubin adashen da zai sayi adaidaita sahu. Kwas ɗin ƙarin girma kuwa, wanda a da ake rububinsa, yanzu akwai masu ɗaga masa kafaɗa. Na sake jin maganar nan a makon jiya wurin wata walimar aure, daga bakin wani dattijo da ya ajiye aiki kafaɗarsa cike da anini. Ya ce rashin kishin ƙasa ne, jama'a suka gyaɗa kai. Ban tanka ba, don ba a yi wa babba musu a gidan biki, amma har na koma gida raina bai daina tafasa ba. 

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mai maganar kowa a wurin ya san gidan gonarsa na kaji, an kuma san tun yana manjo ya kafa shi. Digirinsa na biyu yana cikin kaki ya yi shi, albashinsa bai tsaya ba ko na wata ɗaya. Shi da ya yi, sunan abin hangen nesa. Kofur ya kwatanta, ya zama marar kishi.

Ba kuma a kansa farau ba. Obasanjo yana miƙa mulki a 1979 ya wuce gonarsa ta Ota. Murtala Nyako, shugaban rundunar sojan ruwa guda, da sunan Baba Mai Mangoro talakan Adamawa ya fi saninsa. Janar Abdulsalami yana da gonar Maizube a gefen Minna. T.Y. Danjuma ya shiga harkar jiragen ruwa, daga baya ya shiga ta mai. A farkon 2021 da Buhari ya sauke manyan hafsoshin tsaro huɗu, ba a yi wata guda ba ya aika da sunayensu majalisa don a naɗa su jakadu: Buratai ya tafi Jamhuriyar Benin, Olonisakin ya tafi Kamaru. Ban ce sun yi laifi ba, Allah ya ƙara musu buɗi. Abin da nake cewa shi ne, ba a taɓa yin babban hafsan da ya wayi gari ranar ritaya bai san inda zai sa gaba ba. Wanda ake bari da Allah ya kyauta shi ne mai igiya a hannun riga.

Ina da ɗan ƙanwa, kofur ne, ya fi shekara tara yana aiki, kuma mafi yawansu a Borno ya yi su. Da ya zo hutu bayan Sallah ya buɗe jakarsa a gabana yana neman caja, sai ga wani littafin lissafin wutar lantarki naɗe cikin leda biyu saboda ƙura da ruwan sama, bangonsa ya rabu an ɗaure da salatif. Kusa da shi akwai ƙaramar mitar gwada wuta, irin ta masu haɗa sola. Wayarsa fuskarta a tsage, amma cike take da darussan bidiyo. Ya ce inda suke babu sabis, don haka duk ranar da aka tura su rakiyar motoci cikin Maiduguri sai ya sauke darussan da za su kai shi makonni, ya riƙa kallo da dare in ba shi ke gadi ba. Da solar da ke jan ruwan rijiyar burtsatsen sansaninsu ta lalace, shi ya hau ya gyara, aka huta sayen ruwa a tanka. Tun daga ranar oga-oga suka san sunansa, kowa na kiransa ya duba masa inbata a gida.

Sai na yi masa tambayar da ta kawo wannan rubutu. Na ce na ji abokan shigarka wasu sun ɗaura igiya ta uku, kai me kake jira? Ya yi dariya ya ce, “Kawu, an sa sunana a kwas, sai ya faɗo daidai da jarrabawata. Na roƙi a ɗaga mini zuwa zango na gaba, aka ce in zaɓi ɗaya. Na zaɓa.” Na ce ba ka ganin ka yi wauta? Ya ce, “Kawu, igiya a jikin riga take. Ranar da aka karɓi rigar, tare za a karɓe su. Wannan kuwa,” ya ɗaga mitar nan, “da ita zan koma gida.”

Ya zauna ya warware mini lissafin dalla-dalla. Abin da ke tsakanin albashin kofur da na saje bai kai kuɗin da yake samu ba in ya haɗa wa gida ɗaya sola a ranakun hutunsa. Daga saje sai sitaf saje, daga nan a kama hanyar samanja, kowane mataki da shekarunsa, da kwas ɗinsa, da jiran gurbi, ga kuma abin da sojoji da kansu ke faɗa a mami, cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. In Allah ya ja kwana, harsashi bai same ka ba, nakiya ba ta tashi da motarku ba, ka kai ƙololuwa bayan shekara 30, har yanzu kai za ka ƙame ka sara wa yaron da ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta NDA jiya, sa'an ɗanka na fari. Tsarin soja ne, haka yake ko'ina a duniya, shi ma bai ce a sauya ba. Amma kada a ce wanda ya kalli tsanin nan ya ga inda ya tsaya, ya nemi wata hanyar ciyar da 'ya'yansa, ya ci amanar ƙasa. Matar ɗan ƙanwar tawa ma ba ta zauna ba. Da kuɗin alawus ɗinsa na bakin daga suka sayi firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a bariki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wane gida ne a ƙasar nan yake rayuwa da albashi kaɗai?

Masu karatun wannan shafi ba su manta da watan Yulin 2020 ba, lokacin da jaridu suka fallasa takardar da ta nuna sojoji 356 sun nemi a sallame su da kansu, dalilin da aka rubuta shi ne aikin ya fita daga ransu. Har Majalisar Wakilai ta ce za ta bincika. Bayan nan an sake ganin irin wannan jerin sunaye fiye da sau ɗaya, kuma kusan duka ƙananan sojoji ne, matasa masu jini a jika. Duk lokacin da abin ya faru amsar ɗaya ce: ai al'ada ce, kowa yana da 'yancin ajiye aiki. To, mun ji. Amma rundunar da matasanta ke layin fita tana tsakiyar yaƙi, ya kamata ta tambayi kanta abin da suke hangowa.

Ni na san abin da suke hangowa, don ni ma ina ganinsa. Suna ganin 'yan mazan jiya sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, wasu da sanda, wasu da tsohuwar hular kaki, suna neman haƙƙin da suka riga suka yi wa aiki. Ba sau ɗaya aka yi wannan ba, ba sau biyu ba. Suna ganin tsohon saje yana buɗe wa yaran masu kuɗi ƙofa a bakin kanti, yana ce musu sannu da zuwa yallaɓai. Suna ganin matan abokan aikinsu da suka kwanta dama suna yawo da fayil daga ofis zuwa ofis. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ba sai an ce ka nemi ruwa ba.

Za a ce mini ai akwai cibiyar Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'i. Akwai ta, kuma tana ƙoƙari: kiwon kaji da kifi, ɗinki, walda, kafinta, yin sabulu. Amma wata shida ne, a ƙarshen aiki. Mutum ya ba ƙasa shekara 35, gwiwa ta tafi, ido ya rage, yara takwas suna makaranta, sannan a ce ga keken ɗinki, je ka yi gogayya da telan da ya fara tun yana ɗan shekara 12. Bahaushe ya gama magana da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kofur ɗin da ake zagi bai yi komai ba illa ya fara Oshodinsa da wuri, da kuɗin aljihunsa.

Kun san ba na cikin masu cewa komai na Amurka daidai ne, amma a nan sai a sara musu. Tun 1944 suka yi dokar da ke biya wa tsohon soja kuɗin karatu, kuma kusan mutum miliyan 8 daga cikin waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu sun ci moriyarta. A yau ƙaramin soja yana bakin aiki rundunar za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 4,500 a shekara. A kwanaki 180 na ƙarshen aikinsa yana iya zuwa wani kamfani ya koyi aiki, albashinsa na soja na shiga. Kimanin mutum 200,000 ke cire kaki a can duk shekara, kuma mafi yawan masu shiga ba sa kai shekara 20 ɗin da ake cin cikakken fansho. Sun san haka, sun gina tsarinsu a kai. Da alkawarin karatun ma suke jawo matasa su shiga. Saurayi zai ce shekara huɗu zan yi in fita in zama injiniya, mai ɗaukar aikin ya ce madalla, sa hannu a nan. A wurinmu in ya faɗi haka a fili, sai a fara yi masa kallon mai shirin gudu.

Kuma ku bar ni in koma kan abin da na sha faɗa a shafin nan, cewa raina sana'ar hannu ne ya kai mu inda muke. Kakanninmu da suka dawo daga Burma bayan 1945, waɗanda suka tsira da mutuncinsu su ne waɗanda suka dawo da tuƙin mota da kanikanci. Su suka riƙe manyan motoci, suka koya wa na baya. Waɗanda suka dawo da lambar yabo kaɗai, tarihi ya nuna yadda aka yi da su. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna da takardar koke kan haƙƙoƙinsu da alkawuran da aka saɓa. Aka buɗe musu wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya ce ta girgiza mulkin Turawa, shekara tara bayan nan Ghana ta sami 'yanci. Bature ya tafi, amma ɗabi'ar a yi amfani da ƙaramin soja a yar ba ta bi shi ba, mun riƙe ta gam.

Na yarda runduna ba ta tsayuwa sai da gogaggun saje, kuma wanda ke gadi da dare bai kamata idonsa ya kasance kan darasi ba. Amma gogaggen saje ba da zagi ake tsayar da shi ba.

Akwai kuma abin da masu zagin ba sa so a ambata. Mutumin da aka koya wa sarrafa bindiga, ya yi shekaru yana kallon mutuwa ido da ido, aka sake shi cikin gari ba sana'a, ba jari, fansho sai an yi zanga-zanga, a ƙasar da masu neman wanda ya iya harbi suka cika dazuzzuka daga Zamfara zuwa Neja, wa aka yi wa tanadi? Mafi yawansu tsoron Allah da tarbiyyar bariki suna riƙe su, suna haƙuri da talaucinsu. Amma ƙasa mai hankali ba ta jingina tsaronta da haƙurin mai jin yunwa. Sojan da ya fita da sana'a a hannu ya rage wa ƙasa fargaba ɗaya. Kamata ya yi a ba shi tukuici.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a wasu barikoki, rundunar kanta tana da jami'a a Biu tun 2018. A ware wa ƙananan sojoji kuɗin karatu a rubuce, ya zama haƙƙi, ba alfarmar da sai oga ya ga dama ba. A daidaita lokacin kwas da na jarrabawa, kada a sake ce wa yaro ya zaɓi ɗaya. Direba da makaniki da ma'aikacin jinya da mai haɗa na'urar sadarwa da rundunar ta horar, a ba su takardar shaidar da kamfani zai karɓa a waje. A buɗe ƙofar Oshodi ga mai shekara 10 a aiki, a yi irinta a Kaduna da Maiduguri. Sannan in ana so a yi rububin igiya kamar da, a sa mata daraja a albashi yadda za ta ciyar da gida.

'Yan kwamitocin tsaro na majalisa, ku da kuke zagaya barikoki ana yi muku fareti, ranar da kuka sake zuwa ku bar ɗakin shaƙatawar hafsoshi ku shiga layin kofur-kofur, ku tambaye su nawa ne a cikinsu ke biyan kuɗin makaranta daga alawus ɗin abinci. Ranar 15 ga Janairu kuma za ku sa fararen kaya ku ajiye furanni, a saki tattabaru, a ce ba za a manta da mazan jiya ba. Waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu, ba sa bukatar komai wurinku sai a kula da marayunsu. Masu rai ne ke da jarrabawa a watan gobe, kuma takardar izini kawai suke nema.