Kiwon lafiya: aikin gidan likita ma ana auna shi

Manomi ba ya cewa damana ta yi kyau sai ya ƙidaya damman hatsin da ya sa rumbu. Haka ma gidan likita. Sabon gini da farar mota ba su ne shaida ba. Ƙidaya ce shaida.

Kowane wata likita yana duba littafinsa. Mata nawa suka zo awon ciki? Yara nawa aka fara yi wa rigakafi? Nawa suka dawo allurar ƙyanda ta wata 9? In an fara da 100, aka ƙare da 60, to 40 sun ɓace a hanya. Sai a bincika: nisa ne, ko rashin magani, ko tsawar ma'aikaci?

Da irin wannan ƙidaya aka san Nijar ta ci gaba. A 1998, cikin yara 1000, 226 suna mutuwa kafin shekara 5. A 2009 sun koma 128. Har yanzu da sauran aiki.

Don haka uwa ta adana karnen ɗanta kamar iri, ta je da shi kowane awo. Yaron da ba a rubuta ba, ba a san an manta da shi ba.